Baka a hannu, garkuwa a ina?

Wannan rubutun zai ɗan yi tsawo, wanda data ɗinsa ke ƙara sai ya yi haƙuri.

Masu bin shafina sun san duk daren Juma'a mu shida muke haɗuwa a ɗakin wani abokinmu a bayan makaranta mu yi Dungeons & Dragons. Ga wanda bai sani ba, wasan tebur ne da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. Kowa ya ƙirƙiri jarumin da zai zama, mutum ɗaya ya riƙa jan labari yana alƙalanci, in an zo wajen faɗa sai a jefa ƙwaya irin ta lido amma mai fuska 20. Na koye shi lokacin dogon yajin aikin malaman jami'a na 2022, wata takwas ina zaune a gida Fadan Kagoma, in ba gonar citta ba sai waya. Yanzu da nake mastas ni ne mai jan labarin.

To makon jiya saura ƙiris tebur ya watse a kan tambaya ɗaya: maharbi zai iya riƙe baka da garkuwa lokaci guda?

Abokinmu ɗan Kwoi ne ya kawo maganar. An kusa kashe maharbinsa sau biyu, sai ya ce daga yau ya ɗaura garkuwa a hannun hagu, zai ci gaba da harbi. Wata 'yar'uwarmu Bazazzagiya, wadda ta haddace littafin fiye da takardun kwas ɗinta, ta ce sam. Shi kuwa ya ce littafin Turawa ne, me suka sani game da kwari da baka? Aka yi ta ɗaga murya har ya ɗauki jakarsa ya fita. Ni da ya kamata in yanke hukunci na yi shiru, kuma laifina ne.

Ga abin da littafin ya ce, bugu na biyar na 2014. Baka, dogo ko gajere, makamin hannu biyu ne idan za a harba. Garkuwa tana cin hannu ɗaya, tana ƙara maki 2 a kan makin kariyarka. Ɗaura ta ko cire ta na cinye aikinka na zagaye guda, zagaye kuwa daƙiƙa shida ne a cikin labari. Ke nan in kana so ka sauya, sai ka yi asarar harbi. Amma dokar ba daga sama ta faɗo ba. A bugun 2003 akwai 'yar ƙaramar garkuwa da ake ɗaurawa a damtse, mai ƙara maki 1, kuma an yarda ka yi harbi da ita. Pathfinder na 2009 ma ya bar ta haka. Don haka ɗan Kwoi ba shirme yake ba, masu rubuta dokokin ma sun yi ta canza ra'ayi.

Duk da haka ra'ayina shi ne kada mu ba shi. Kuma hujjata ba daga Amurka take ba, daga gida take.

Kakana maharbi ne, har ya rasu bakansa na rataye a ɗakinsa. Duk wanda ya taɓa jan tsirkiya ya san hagu tana tura baka, dama tana zaro kibiya daga kwari ta ɗana ta ja. Ina hannu na ukun? Babbar garkuwar fata irin ta mayaƙan da, in ka rataya ta a hannun da ke saiti, nauyinta kaɗai ya isa ya karkatar da kibiyarka.

To da me maharban da suke kare kansu? Mutanen yankinmu da duwatsu. A ƙarni na 19, lokacin da mahaya ke kawo hari kudancin Zazzau, tsaunuka irin na Kagoro ne mafaka. Doki ba ya hawa inda akuya ke hawa, maharbi kuwa ya laɓe bayan dutse ya saki kibiya. Can arewa ma, a yaƙin Tabkin Kwatto na 1804, jama'ar Shehu Usmanu dawakinsu kaɗan ne, 'yan baka ne ƙarfinsu, kuma suka karya rundunar Sarkin Gobir Yunfa da 'yan lifidinta. Abin da ya tsare su tsayuwa tare ne a sahu.

A waje ma haka. Zanen dutsen da Assuriyawa suka yi na kewaye birnin Lakish a shekara ta 701 kafin haihuwar Almasihu, wanda ke gidan tarihi na Landan, ya nuna maharbi yana harbi, wani daban na riƙe masa ƙatuwar garkuwa. A yaƙin Crécy na 1346 kuma, maharban Genoa da ke yi wa Faransa yaƙi sun shiga fage garkuwoyinsu na can baya cikin kaya, maharban Ingila suka yi musu ruwan kibau.

Abin da ya ba ni kunya shi ne da na koma littafin daren nan, sai na ga duk wannan yana ciki. In rabin jikinka na bayan wani abu, kana samun maki 2, daidai da garkuwa. In kashi uku cikin huɗu ne a ɓoye, maki 5. Kuma wannan abin zai iya zama dutse, ko kututture, ko mutum. Har akwai salon faɗa da mai garkuwa ke amfani da shi ya dagula harin da aka kai wa abokinsa da ke cikin ƙafa biyar da shi. Wato abin da ɗan Kwoi ke nema yana zaune kusa da shi tun farko: jarumar Bazazzagiyar nan mai garkuwa ce. Wata uku muna wasa, ko sau ɗaya ba ta tsaya a gabansa ba, shi ma bai taɓa roƙonta ba.

Na san wani zai ce wasa ne fa, a bar kowa ya ji daɗinsa. Gaskiya ne, littafin kansa ya ba mai jan labari ikon sauya doka. Amma in na ba maharbi garkuwa, ya samu nisa ya samu kariya, to mai takobi me ya rage masa? Kowa zai koma baka, kowa ya tsaya shi kaɗai a kusurwarsa. Daɗin wasan shi ne kowa na da giɓin da sai wani ya cike masa.

Kuma bari in faɗi abin da ya sa na damu haka. Teburinmu akwai masu zuwa coci, akwai masu tashi sallar isha'i mu jira su. Wanda ya taso a Kafanchan ko kewaye ya san ba ko'ina ake samun irin wannan zaman ba, ya kuma san abin da muka gani a 2011. Ba zan yarda maki 2 ya raba mu ba.

Don haka ga hukuncina na Juma'a mai zuwa. Babu babbar garkuwa tare da baka. Zan zana taswirar da duwatsu da yawa, irin na gida. Duk wanda ya tare wa ɗan'uwansa hari kuma, zan ba shi ladan jefa ƙwaya sau biyu ya zaɓi mafi kyau.

Ɗan Kwoi, na san kana karantawa. Ka yi haƙuri da shirun da na yi. Kujerarka na nan, gyaɗa da zoɓo a wuyana.

Ku kuma masu wasan a Zariya, Jos da Kaduna, yaya kuke yi da wannan dokar a teburinku? Ku faɗa min a ƙasa.