Kuɗin Binciken Nono: A Tambayi Mai Ƙwarya

'Yan'uwa talakawa, a watan Yuni na 2024 Gwamnatin Tarayya ta fito da manufarta a kan nono da madara, a watan Yuli kuma ta kafa Ma'aikatar Kiwo. Hujjar mahukunta ita ce, ƙasar nan tana kashe kimanin dala biliyan ɗaya da rabi kowace shekara wajen sayo madara daga waje. Mai shayi da mai tireda ba su bukatar a gaya musu, sun san yadda buhun madarar gari yake cin uwar kuɗi.

Ana cewa ya kamata kuɗin da ake ba masana don binciken shanu su bi manufar Gwamnati, tun da dukiyar jama'a ce. Mu ma ba mu ƙi ba. Amma wace manufar? A 2020 Babban Banki ya hana kowa dalar sayo madara sai kamfanoni shida, wai don a koma ga nonon gida. A watan Maris na 2024 ya soke hanin. Shekara huɗu ke nan. To, karsanar Bunaji takan kai wajen shekara huɗu kafin haihuwar fari. Ashe kafin masani ya auna nonon 'yar maraƙar da ya zaɓa, manufar da aka ba shi kuɗi dominta ta riga ta mutu.

Ba wurin bincike muka rasa ba. Tun 1924 aka buɗe gidan binciken cututtukan dabbobi a Vom, tun 1928 kuma gonar shanu ta Shika kusa da Zariya, wadda ta zama cibiyar binciken kiwo ta ƙasa a 1976. Duk da haka saniyar ruga da ƙyar take ba da lita biyu a yini. Da rani nono ya ƙafe, da damina ya yi yawa ya lalace kafin Bafillatana ta kai shi kasuwa.

Abin da muke tsoro, in mahukunta kaɗai ke faɗin abin da za a bincika, kuɗin za su ƙare a kan shanun Turai na gonakin manya, masu cin abincin da talaka ba ya iya saye.

Saboda haka muna neman abu uku. Na ɗaya, a yanke kuɗin bincike na shekara goma da doka, yadda sauyin Minista ba zai taɓa su ba. Na biyu, a sa su a kan ciyawar rani, da ruwan sha, da maganin sammore da ciwon huhu, da hanyar adana nono inda babu lantarki. Na uku, a ba makiyaya da mata masu tallan nono kujera a majalisar da ke raba kuɗin, a kuma buga lissafin kowace shekara da Hausa da Fulatanci.

Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Duk wanda ya zo neman ƙuri'arku, ku tambaye shi ina ya tsaya a kan waɗannan ukun. Allah ya ba talaka sawaba.