Tafiyar Farko Daga Gomari Zuwa Kano

Makon jiya ɗan ƙanwata da ke Gomari, wajen filin jirgin saman Maiduguri, ya zo mini da zancen tafiya Kano neman karatu, shi kaɗai. Bai taɓa wuce Damaturu ba. Uwarsa na kuka, shi kuwa yana ɓoye nasa tsoron.

Ban ce masa tsoron banza ne ba. Wanda ya tuna abin da ya auku a Auno cikin Fabrairun 2020, inda dare ya riski matafiya bayan an rufe hanyar shiga Maiduguri, aka hallaka su cikin motocinsu, ba zai yi wa yaro ba'a ba.

Sai na ce ya ɗauko takarda ya rubuta. Ya shiga mota a tasha, kada ya tsare ta bakin titi. Ya yi sammako, yadda zai wuce Jakana da Benisheikh da hantsi. Guzuri kashi biyu, ɗaya a aljihun ciki. Lambar baffansa a takarda, domin waya takan mutu. Ran dawowa kuma, in la'asar ta same shi a Damaturu, to, ya kwana can.

Ya tashi ran Talata. Da magariba ya bugo daga Kano, wai ƙafafunsa sun kumbura, kuma ya manta hularsa wurin mai shayi a Potiskum.