Tsohon babur: a saurari inji kafin a dubi fenti

Duk lokacin da watan Oktoba ya ƙarato, malaman da aka tura ƙauye sukan shiga neman babur. Sabo ya fi ƙarfin albashinmu, balle na ɗan kwantiragi, sai a koma ga na hannu. Ni ban ga laifin tsohon babur ba. Abin da ke damuna shi ne yadda muke sayensa: a dubi fenti da sabuwar kujera, a ƙirga kuɗi, a tafi. Ranar da ya mutu cikin yashi a hanyar ƙauye, aji guda ne ke wuni ba darasi, iyaye kuma su ce malam ba ya zuwa lakwal.

Ɗan'uwa, in za ka duba babur, je da sassafe, ka taɓa injin da hannunka. In ka ji shi da ɗumi, an riga an tayar da shi, kuma inji mai ɗumi yana ɓoye ciwonsa. Wanda ke da lafiya yakan tashi a bugu ɗaya ko biyu yana sanyi. Sannan ka dubi hayaƙi. Shuɗi yana nufin inji na ƙona baƙin mai, galibi ringi ne ya cinye, aikin buɗe inji ke nan. Baƙi kuwa mai ne ya fi iska yawa, sau da yawa wankin kafireta ya isa. A kwance buji a gani: bakinsa mai ruwan ƙasa alheri ne, mai maiƙo kuwa gargaɗi. Ka dubi haƙoran da sarƙa ke hawa, in sun yi tsini sun ƙare. Ka girgiza ƙafafun gefe da gefe, ka gwada birkin gaba da na baya.

Takardu ma haka. Lambar da ke jikin ƙarfen babur ta yi daidai da ta kartagiris da ta takardar duwan. In mai shi ya ce takardu suna gida, kuɗinka ma su zauna gida.

Ra'ayina shi ne kada kowa ya zuba duk abin da ya tara a saye. A rage kashi ɗaya cikin biyar don gyaran makon farko: a juye baƙin mai, a sa sabon buji, a wanke matatar iska da kafireta, a daidaita bawul, a ja sarƙa ta rage wasan santimita 2 zuwa 3. Bayan haka, a hanyoyinmu na ƙura, juyen mai duk kilomita 1,000 bai yi yawa ba, musamman da hunturu. Man kwalba na bakin hanya kuma a tace shi kafin ya shiga tanki.

Iyaye, ku ma da ku nake. Babur ɗin da uba ya gaji da shi yakan koma hannun yaro ɗan lakwal, birki ya saki, taya ta gama, ba hular kwano. Araha ba ta ado. In ba za a iya gyara birki da taya ba, gara yaro ya hau keke har kuɗin gyara ya samu.