RA'AYINMU: Dogon Hutu Ya Zo, Zumunta A Ƙafa Take

Kamar yadda aka saba duk shekara, daga ƙarshen watan Yuli makarantun boko kan rufe, ɗalibai su dawo gida dogon hutu har zuwa watan Satumba. Wannan hutu yakan faɗo ne a tsakiyar damina, lokacin da mutanen karkara ke cikin gona tsundum, matasan birni kuwa da yawansu ba su da aikin da ya wuce barcin safe da zaman majalisa. Tambayar da muke son kowane ɗan'uwa matashi ya yi wa kansa ita ce, waɗannan makonni 6 ko 7, a ina zai zuba su?

Mu dai shawararmu ita ce a fara da dangi. A da, in an yi hutu, uba kan kwashi 'ya'yansa ya kai su garinsu na asali, su gai da kakanni, su kwana a ɗakin gwaggo, su bi kawu gona, su ci tumu da gasasshiyar masara, su dawo sun san 'ya'yan baffa da suna da fuska. A yau kuwa sai ka tarar da saurayi ɗan shekara 20 ya haddace sunayen 'yan ƙwallon Ingila da Sifen kaf, amma ka tambaye shi sunan kakarsa ta wajen uba sai ya shiga sosa ƙeya. Alhali hadisai ingantattu a cikin Buhari da Muslim sun haɗa sada zumunci da yalwar arziki da albarkar rayuwa, sun kuma yi wa mai yanke shi gargaɗi da rashin shiga Aljanna, wal'iyazu billah.

Mun san za a ce zamani ya sauya, kuma gaskiya ne. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabi, wasu hanyoyin kuma ba su da aminci. Ba mu ce wani ya jefa kansa cikin halaka ba. To amma ina uzurin wanda innarsa ke cikin gari ɗaya da shi, tafiyar ƙafa, shekara ta zagayo bai leƙa ta ba? Wani zai ce ai yana gaishe ta a waya. Gaisuwar waya tana da ladanta, sai dai ba za ta nuna maka cewa ɗakin tsohuwa yana yoyo a cikin marka ba, ko katangarta ta tsage. Wanda ya taka ya je shi ke gani, shi ke kuma tuɓe riga ya gyara. Shi ya sa magabata suka ce zumunta a ƙafa take.

In za ka je, kada ka je kai kaɗai. Ka riƙe hannun ƙannenka, a kan hanya kuma ka nuna musu garinsu, domin yawon buɗe ido ba sai mai kuɗi ba. Mutumin Kano zai iya hawa Dala da su, ya shiga Gidan Makama, ya ratsa Kasuwar Kurmi wadda ke ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499). Bakatsine na da Gobarau, Badauri na da rijiyar Kusugu, Basakkwace na da Hubbaren Shehu Usmanu Ɗanfodiyo wanda ya rasu a 1817. Yaron da yayansa ya kai shi irin waɗannan wurare ba zai manta ba har ya tsufa.

Sannan kada hutun ya ƙare ba ka sayi littafi ba. Duk wanda ya yi karatun zaure ya san irin ɗokin ɗalibin da ya kusa sauke Ahalari, hankalinsa na kan Ishmawi, ko wanda ya ci rabin Iziyya yana hangen Risala. Haka wanda ya gama littafi na 1 na Magana Jari Ce, wanda Alhaji Abubakar Imam ya rubuta ya fara fitowa a 1937, ba ya samun sukuni sai ya riƙe na 2. Wannan ɗoki ni'ima ce, kada ka bari waya ta kashe maka shi. Ka nemi shawarar malaminka a kan littafin da ya dace da kai, ka buɗe asusu tun makon farko, kuɗin da za ka kai gidan kallon ƙwallo ka jefa a ciki. Littafin da mutum ya jira, ya tara kuɗinsa da guminsa, ba ya yin ƙura a kan kanta. In ka saye shi, ka tafi da shi gidan kaka, bayan Isha'i ka karanta wa mutanen gida, ka haɗa ladan ilimi da na zumunci a zama ɗaya.

Saboda haka, ya ɗan'uwa, kafin Juma'a mai zuwa ka rubuta sunayen dangi 5 da ka daɗe ba ka taka gidajensu ba, ka fara da wanda ya fi tsufa, domin babu wanda ya ba ka tabbacin za ka same shi a hutun baɗi. Allah Ya ba mu ikon sada zumunci, Ya sanya albarka a lokutanmu, amin.