Jirgin Wane Ne? Ku Buɗe Mana Takardun

Tun ranar 2 ga Maris 2021 wata tambaya ta tsaya mini a maƙoshi, har yau babu wanda ya ga mun isa a ba mu amsa. A ranar ne, ranar da aka sako 'yan matan makarantar Jangebe, mai ba Shugaba Buhari shawara kan tsaro, Babagana Monguno, ya fito ya ce an haramta wa jirage shawagi a sararin samaniyar Zamfara. Fadar shugaban ƙasa ta biyo da bayani cewa ana zargin wasu jirage da sauke wa 'yan bindiga makamai, su kwashi zinare su yi gaba. To, jirgin wane ne? Mece ce lambarsa? Daga wane fili ya tashi, wa ya zuba masa mai, wa ya tuƙa shi? Shiru kake ji.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne, a duk harkokin sufuri babu wadda ta kai ta jirgin sama barin sawu a takarda. Matuƙin jirgi mai zaman kansa da zai ƙetare iyaka, aƙalla awa ɗaya kafin ya tashi sai ya miƙa wa hukumar kula da sararin samaniya ta NAMA takardar tsarin tafiyarsa. A ciki zai rubuta lambar jirgin da irinsa, hanyar da zai bi, nisan da zai yi a sama, lokacin tashi, inda zai sauka, filin da zai karkata in an sami matsala, awa nawa mansa zai kai shi, da rayuka nawa ke ciki. Ba zai fice ta ko'ina ba sai ta filin da ke da jami'an kwastan da na shige da fice, irin na Malam Aminu Kano ko na Abuja ko Legas. Can zai cike wata takardar mai ɗauke da sunayen ma'aikatan jirgin, a haɗa da jerin fasinjoji, a buga hatimi. In zai ratsa ta saman Nijar sai ya nemi izinin Yamai, haka duk ƙasar da ke kan hanyarsa. In akwai mai kuɗin da ya haura dala 10,000 a jakarsa, doka ta ce ya bayyana. Kai, hatta fentin jikin jirgi yana faɗin asalinsa: na Najeriya da 5N yake farawa, na Nijar da 5U.

Na san abin da za a ce mini, wai ɓarawo ba ya cike takarda. Na ji. Amma jirgi mai saukar ungulu ba a daji yake kwana ba. Yana da rumfar da ake ajiye shi, yana da injiniyan da ke duba shi, yana shan man da ba a sayarwa a galan a bakin titi, matuƙinsa kuma yana da lasisi mai suna da hoto. Tun 2010 aka ƙaddamar da na'urorin hangen jirage da aka ce sun rufe ƙasar nan kaf. In zargin gaskiya ne, a fito da mai jirgin. In kuma ba gaskiya ba ne, a gaya mana, mu daina ɗaga kai sama duk lokacin da muka ji ƙara. Ɗaya daga cikin biyun nan haƙƙinmu ne, mu da muke binne gawarwaki.

Kada ka ce ina zargi ne a kan iska, ɗan'uwa. A Satumban 2014 wani jirgin alfarma ya tashi daga ƙasar nan ya sauka a filin Lanseriya kusa da Johannasbag, ɗauke da 'yan Najeriya biyu da ɗan Isra'ila ɗaya da tsabar kuɗi dala miliyan 9.3 a cikin akwatuna. Jami'an Afirka ta Kudu ne suka buɗe akwatunan suka riƙe kuɗin. Sai bayan asiri ya tonu gwamnatinmu ta ce ai na sayen makamai ne. Ni ba wannan ya dame ni ba. Akwatunan nan ta wata ƙofa suka bi a nan gida, wani ya gan su, wani ya buga hatimi, ko kuma wani ya kau da kai. Dokar da ta yi aiki a can, irinta ce a rubuce a nan. Mutanen da ke riƙe da ita ne suka bambanta.

Ga kuma batun kuɗin fito, wanda in na tuna shi barci ke gagarata. Attajiranmu sun gano dabara: su sayi jirgi, su yi masa rajista a wata ƙasa, su shigo da shi da takardar izinin zama na ɗan lokaci, sai ɗan lokacin ya zama shekaru. A 2021 Hukumar Kwastan ta yi tantancewa, ita da bakinta ta ce jirage 91 ne ba su biya ba, kuɗin ya kai wajen naira biliyan 30. A 2024 aka sake wata tantancewar, aka sa wa'adi a Oktoba, wa'adin ya zo aka ƙara wata guda. A Yunin 2025 aka ce an garƙame jirage kusan 60, ba a jima ba aka sassauta. Lallashi, roƙo, ƙarin lokaci. Kwamitin da ministan sufurin jiragen sama Festus Keyamo ya kafa a 2024 ya gano cewa masu lasisin hawan kansu suna haya da jiragen a ɓoye, ƙasa ta yi asarar kimanin naira biliyan 120 cikin shekara goma. Sunaye fa? Wa aka gurfanar?

Yanzu sauko ƙasa ka dubi yadda doka ke zuwa mana. A Satumban 2021 dare ɗaya aka katse layukan waya a Zamfara baki ɗaya, aka rufe kasuwannin mako, aka hana sayar da mai a jarka. A Yunin 2022 aka rufe kasuwanni aka hana hawa babur a Mada da Wonaka da masarautar 'Yandoto. Babu wanda ya ba mai sayar da tumaki wa'adin wata guda, babu wanda ya kira ɗan acaɓa zaman sulhu a Abuja. Direban da ya ɗauko buhunan masara daga Mada zuwa Gusau, ko ya nufi Funtuwa ta Tsafe, ya san sau nawa zai taka birki a shinge, a leƙa motarsa, a soki buhu, a tambaye shi takardar da ba a taɓa jin sunanta ba. Mun haƙura da duk wannan domin an ce mana tsaro ne. Amma an bar jaki ana dukan taiki, kuma mun gaji da zama taikin.

A Disambar 2024 gwamnatin tarayya ta ɗage haramcin haƙar ma'adinai a Zamfara, watanni kaɗan bayan Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar da aikin filin jirgin sama na ƙasa da ƙasa a Gusau. Ina son filin nan, wallahi ina son sa, ko don alhazanmu da marasa lafiyarmu su huta da fargabar hanya. Amma zinaren Anka da Maru da Bukkuyum ga shi a kusa, ga kuma titin tashi a bakin ƙofa. In har ƙofar manya za ta kasance yadda take a sauran filaye, mota mai baƙin gilashi ta wuce har gindin jirgi ba a buɗe jaka ba, to mun gina wa masu kwashe mu hanya da kuɗinmu.

Don haka 'yan majalisarmu na Gusau da Tsafe da Bungudu su tashi su nemi abu biyu a rubuce. Na farko, NAMA da hukumar kula da sufurin jiragen sama ta NCAA su kawo wa majalisa bayanan duk jirgin da ya shiga sararin Zamfara daga 2019 zuwa ranar da aka sa haramcin shawagi, da lambarsa da sunan mai shi. Na biyu, duk jirgin kashin kai da zai tashi daga Gusau, ko na gwamna ne ko na sarki, a buɗe jakunkunansa a gaban kwastan kafin a rufe ƙofarsa, a kuma ajiye sunan jami'in da ya sa hannu.