Sa hannu a bayan takarda lamuni ne

A kasuwannin kan iyaka irin su Birnin Ƙonni da Ɗan Isa, bashi ya daɗe yana tafiya da amana. Amma yanzu takardar alkawarin biya, wadda ake kira billet à ordre da Faransanci, tana yawo hannu zuwa hannu, kuma ƴan kasuwa da yawa suna sa hannu a bayanta ba tare da sanin nauyin da suka ɗauka ba.

Muna so a fahimta: idan Alhaji ya karɓi takardar miliyan biyu ta sefa, ya sa hannu a baya, ya miƙa wa wanda ya ba shi shinkafa, bai fita daga maganar ba. Dokar UEMOA ta shekarar 2002 kan hanyoyin biyan kuɗi ta ɗauke shi a matsayin mai lamuni. Ranar biya ta zo, wanda ya rubuta takardar ya noƙe, to mai riƙe da ita yana da ikon ya tsallake shi ya kama Alhaji, ya nemi kuɗinsa dukka. Sai dai in tun farko Alhaji ya rubuta cewa bai lamunce ba.

Shi ma mai takardar ba a ce ya yi barci ba. Sai ya nemi wisiye ko notar ya rubuta shaidar ƙin biya, wato purote, cikin kwana biyu na aiki bayan ranar biya, sannan ya sanar da wanda ya miƙa masa takardar cikin kwana huɗu na aiki. A nan ne kunya take cutar mutanenmu. Wani zai ce bari a yi masa haƙuri zuwa bayan salla, ai ɗan'uwa ne. Kafin salla ta wuce, hakkinsa a kan masu sa hannun baya ya faɗi, ya rage daga shi sai wanda ya ƙi biya tun farko. Kalmar sans frais a kan takarda tana ɗauke wajibcin purote, amma ba ta ɗauke kai takardar a kan lokaci ba.

Masu hulɗa da Illela da Jibiya kuwa su lura, dokar Najeriya ta bi tsarin Ingila, inda sanarwar ƙin biya cikin gaggawa ita ce ke riƙe mai sa hannun baya. Muna kira ga ƙungiyoyin ƴan kasuwa su fassara waɗannan wa'adodi da Hausa, su manna a ƙofar ofisoshinsu.