Kwamfuta Ma Ta Koyi Ba Da Rabin Maki

Jarrabawa tana ƙaura daga takarda zuwa kwamfuta, kuma ba za ta jira mu ba. JAMB ta fara jarrabawar kwamfuta a 2013, zuwa 2015 kowa a kwamfuta yake rubutawa. WAEC ta bi sahu a 2024 da masu rubutawa daga waje, sannan a 2025 ministan ilimi ya ce WAEC da NECO su koma kwamfuta gaba ɗaya. Ba mu ƙi ba. Abin da ke damunmu shi ne wani abu da ake shirin mantawa a tsohon gida wajen kwashe kaya: makin hanya.

Duk wanda ya zauna ajin lissafi ya san shi. A tiyori, mai duba takarda yana ba da maki a kan hanyar da ka bi, ya ba da wani a kan amsar ƙarshe. Ka ɓata amsa amma hanyarka daidai, ba za ka tashi a tutar babu ba. Kwamfuta kuwa, yadda aka fi saita ta, abu biyu ta sani: ka ci, ko ka faɗi.

Mu ɗauki misali irin na garinmu. Ɗan kasuwa ya sayo wake buhu 12 a Maraɗi, kowane buhu sefa 15,000. A ce ɗan canji a Magama yana ba da sefa 1,000 a kan naira 2,500. Nawa ya kashe da naira? Ɗaliba ta ninka ta samu sefa 180,000, ta gane sai ta raba da 1,000 ta ninka da 2,500, amma garin sauri sifili ɗaya ya zame mata, ta rubuta 45,000 maimakon 450,000. Kwamfuta ta ba ta sifili. Na kusa da ita bai ko karanta tambayar ba, ya danna C, ya dace, ya kwashe maki duka. Idan zaɓi huɗu ne, mai canki-canka zai iya dacewa da kimanin 10 cikin tambayoyi 40. Wa ya fi sanin lissafi a cikinsu? Kowa ya sani, ban da na'urar.

Akwai ma wata matsalar da sai ɗan kan iyaka zai gane ta. A Nijar da dala ake ƙirga kuɗi, dala ɗaya sefa 5, jaka ɗaya sefa 1,000. A wajenmu kuwa jaka naira 200 ce. Yaron da ya tashi yana jin ciniki a bakin mutanen Ɗan Isa, aka tambaye shi kuɗin waken da sefa, zai iya rubuta 180, yana nufin jaka 180. Malaminmu zai yi murmushi, ya rage masa kaɗan don bai rubuta abin da aka nema ba, ya ba shi sauran. Kwamfuta ba ta taɓa zuwa kasuwar Jibiya ba.

Wani zai ce rabin maki lalata ɗalibi yake yi, domin a kasuwa wanda ya zubar da sifili ya yi asara, ba mai ce masa sannu da ƙoƙari. Gaskiya ne, shi ya sa ba mu ce a ba shi duka ba. Amma gwajin makaranta aikinsa ya nuna wa malami inda ɗalibi ya tsaya. Sifilin wanda bai san komai ba da sifilin wanda ya kusa isa, idan suka zama iri ɗaya a rajista, malam ba zai san wa zai koma wa da darasi ba.

Kuma laifin ba duka na na'ura ba ne. Manhajar Moodle tana barin malami ya raba maki kashi-kashi a kan amsoshi, har ya sa a cire wa wanda ya zaɓi ba daidai ba, don kada mai wayo ya danna duka akwatunan. Google Forms kuwa, a tambaya mai amsoshi da yawa, sai ka dace da duka take ba ka maki, amma malami yana iya komawa ya gyara da hannu.

Don haka roƙonmu ga malamanmu, da ladabi: idan za a yi mana gwaji a waya ko kwamfuta, a tsinka doguwar tambaya gida-gida. Tambayar wake ta zama uku: jimillar sefa, hanyar canji, amsa da naira, kowace da makinta. Wannan zai taimaka ko da sabis ya ɗauke ana tsaka da aiki, in dai an saita manhajar ta riƙa ajiye kowane mataki. Mu da muka yi watanni babu layin waya a 2021 ba sai an ba mu labarin sabis ba. A faɗa mana dokar maki kafin a fara. A kuma karɓi takardar da muka yi lissafi a kai, a rubuta suna, a duba ta idan amsar da ke kwamfuta ta saɓa.